Mura, korona da sauran cututtukan da ake shaƙa a iska: tambayoyi da amsoshi kafin hunturu ya kankama

Duk shekara da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, daga wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu, gida gida sai kaji tari da atishawa, yaro ya ɗebo a makaranta ya sawa uwa, uwa ta sawa jariri, kafin sati biyu har kaka ta kwanta. Mafi yawa suna tashi lafiya, amma akwai waɗanda basa tashi, kuma yawanci tsofaffi ne da jarirai da masu wata larura a jiki. Su ne dalilin da yasa na tattara waɗannan tambayoyin da mutane suka fi yi.

Wai ba sanyi ne yake kawo mura ba? Mu dai haka muka taso muka ji.

Sanyi yana da hannu amma ba shi ne yake haifar da ita ba. Ƙwayar cuta ce da ake kira bairus, ƙanƙanuwa ce sosai ido baya ganinta, kuma daga jikin wani mutum take fitowa ta shiga naka. Abinda hunturu yake yi shine ya busar da cikin hanci da maƙogwaro, ƙura ta ƙara yayyaga wajen, toh ƙwayar tana samun ƙofa a buɗe, sannan uwa uba lokacin ne muke kulle taga da ƙofa mu cunkusu a ɗaki ɗaya mu kwana muna shaƙar numfashin juna. Kuma ba iri ɗaya bace. Akwai ƙaramar mura ta majina da toshewar hanci, akwai mura mai zafi wadda take kayar da mutum lokaci guda da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wannan Hukumar Lafiya ta Duniya tace tana kashe mutum tsakanin 290,000 zuwa 650,000 duk shekara a duniya, akwai korona, akwai wata da tafi kama jarirai tana sa ƙirjinsu yana kuka, har ƙyanda ma cikinsu take, domin ta hanci da baki ake ɗaukarta duk da cewa a fata ƙurajen suke fitowa.

Ta yaya take tashi daga wani zuwa wani?

Ta numfashi. Ba sai mutum yayi tari a fuskarka ba, magana ma, waƙa, dariya, kai ko numfashi kawai yana fitar da ƙananan ɗigon ruwa daga baki da hanci, manyan suna faɗuwa kusa, ƙananan kuma suna yawo a cikin iskar ɗaki. Ka ɗauke ta kamar turaren wuta: idan aka saka a tsakar gida nan da nan iska ta kwashe, idan kuwa aka saka a ɗaki aka rufe ƙofa da taga, ko kana can ƙurya sai ya kai gareka, kuma ko an fitar da kaskon hayaƙin yana nan. Ƙyanda misali tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita. Hannu ma yana ɗauka, mutum ya fyace majina ya miƙa maka hannu kai kuma ka sosa ido ko hanci, amma iskar ita ce babbar hanya.

Wani abu da yake ruɗa mutane, mai mura mai zafi ko korona yana iya fara yaɗawa kwana 1 ko 2 kafin shi kansa yaji komai a jikinsa. Shi yasa zakaji ana cewa ni fa ban zauna da marar lafiya ba.

Korona ai ta wuce, wasu ma cewa suke tun farko babu ita a nan.

Akwai ta, kuma ta ɗebi mutanenmu. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko a Najeriya, wani ɗan Italiya a Legas, Nijar ta samu nata a watan Maris, Kano kuma a Afrilu. A wannan Afrilun Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa na lokacin, ya rasu da ita, kuma duk wanda yake Kano a lokacin yana tuna yadda ake ta kai gawa maƙabarta, dattawa, malaman jami'a, masu sarauta, har masu haƙan kabari suka fara magana. Daga baya ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya bayyana cewa cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. Na san abinda ya sa mutane suka ƙi yarda, an kulle gari an hana talaka neman abinci, tallafin da aka ce za'a raba da yawa bai kai hannu ba, mutane sukaji haushi kuma haushinsu yana kan hanya. Amma wannan daban, cutar daban.

A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta, ma'ana ba'a cikin halin gaggawa kamar da, ita dai ƙwayar tana nan tana zagayawa tare da sauran murorin, tana sauya kama. Kuma ba wannan ne karon farko ba, kakanninmu sunga annobar mura ta 1918 wadda ake kira marisuwa, ta kashe dubban ɗaruruwa a Najeriya, har tsofaffin da sukan yi lissafin shekarunsu da ita.

Kana cewa a buɗe taga, a cikin wannan sanyin? Yara fa?

Wannan ita ce tambayar da nafi so a tsaya a kanta, saboda ita ce kariyar da ba'a biyan ko sisi kuma ita muka fi watsi da ita. Ba ana nufin a wangale komai da tsakar dare yara suna rawar ɗari ba. A bar ɗan tsaga a sama, idan ɗakin yana da taga biyu a buɗe duka kaɗan kaɗan don iska ta shiga ta nan ta fita ta can, a lulluɓe yara da bargo, a sa musu hula da safa. Da rana kuwa idan hantsi ya dubi ludayi a buɗe ƙofa da taga gaba ɗaya ɗakin ya sha iska, a ɗage labule mai kauri, a shanya bargo. Idan ƙura ce matsalar, labule marar nauyi yana tare mafi yawanta iska kuma ta wuce.

Fanka kaɗai a ɗaki rufaffe bata fitar da komai, juya iskar kawai take yi, haka ma na'urar sanyaya ɗaki ta ofis da banki. A mota ma haka, motar haya daga Kano zuwa Maiduguri ko Zinder zuwa Yamai, awanni kuna rufe, mutum ɗaya yana tari tun daga tasha, dan Allah a sauke gilashi ko kaɗan ne. Ajin makaranta, zauren karatu, ɗakin da almajirai suke kwana, duk maganar ɗaya ce.

Sannan dan girman Allah kada a shiga da gawayi ko kaskon wuta ɗaki a rufe a kwana don jin ɗumi, haka janareta kusa da taga. Hayaƙinsu yana kashewa cikin barci ba tare da mutum ya farka ba, ko bai kashe ba yana jigata huhun yaro ya bar shi a buɗe ga nimoniya, wato ciwon huhu.

Takunkumi yana aiki da gaske?

Yana aiki idan an sa shi daidai, ya rufe hanci da baki har haɓa ba tare da gefe yana hangame ba. Wanda aka sauke ƙasan hanci ko aka rataye a wuya bashi da amfani. Wanda yafi ƙarfi shine N95 ko KN95, sai shuɗin nan na asibiti, sai na yadi mai ninki biyu ko uku wanda ake wankewa kullum. Inda yafi amfani shine a fuskar marar lafiyan kansa, domin a nan yake tare abin tun daga tushe. Ba sai ka yini da shi a gona ko kan babur kai kaɗai ba, amma a layin asibiti, cikin motar haya, ko kana jinyar wani, sa shi. Yaro ɗan ƙasa da shekara 2 ba'a sa masa. Mata suna tambaya ko niƙabi ya wadatar, yana ɗan tarewa amma ƙasansa a sake yake kuma yadin siriri ne, gara a sa takunkumin a ciki.

Musabaha da wanke hannu fa? Ai muna alwala sau biyar.

Alwala tana taimakawa amma babu sabulu a ciki, kuma butar hannu nawa ya taɓa ta. Sabulu da ruwa na kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da bayan hannu, bayan fyace majina, kafin cin abinci, kafin ɗaukar jariri. Idan za'a ci tuwo tare a zubawa kowa ruwa a hannu, a daina tsoma hannu goma a roba ɗaya. Sanitaiza kuma sai mai kashi 60 zuwa sama take aiki. Idan kana mura ka ɗora hannu a ƙirji kace ayi haƙuri ina mura, babu mai hankalin da zaiji haushi.

Ina mura, in je jam'i ko in yi sallah a gida? Wani ya ce min gudun cuta rashin tawakkali ne.

Ka tambayi malaminka, amma abinda ya tabbata a addini a bayyane yake. Annabi (SAW) yace idan kukaji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita. Ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gwamutsa su da masu lafiya. An ruwaito idan zaiyi atishawa yana rufe fuskarsa da hannunsa ko tufafinsa, ya rage sauti. Wanda yaci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ma an ce kada ya kusanci masallaci saboda kada ya cutar da mutane da wari, toh ina ga wanda zai bar wa dattijon da ke kusa da shi a sahu cutar da zata kai shi gadon asibiti. Sayyidina Umar (RA) yana hanyar Sham yaji annoba ta ɓarke ya juya da tawagarsa, da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake, yace eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Idan zazzaɓi da tari suna kanka, kwanakin farko kayi a gida. Idan ka fara samun sauƙi ka fito da takunkumi da dardumarka ka tsaya a gefe ko a waje inda iska take.

Dubiya da barka da suna fa? Idan ban je ba za'a ce na yanke zumunci.

Nan ne abin yake da wuya, na sani. Marar lafiya yana kwance a ɗan ɗaki, mutum goma sun zagaye shi, taga a rufe, kowa da sannu, wasu ma sun zo da goyo. Niyyar mai kyau ce amma daga nan kowa yake ɗauka ya kai gidansa. A gaida shi daga bakin ƙofa ko a tsakar gida, a taƙaita, a aika da abinci ko kuɗin magani, a kira a waya, ladan dubiya baya raguwa don baka zauna a bakin gado ba.

Jariri kuwa a nan nake roƙo sosai. Sabon haihuwa bashi da ƙarfin da zai yaƙi abinda ke babba kike gani ƙaramar mura ce, kuma ranar suna yana bin hannu hannu daga safe har dare, wannan ta sumbace shi, waccan ta hura masa fuska. Idan kina tari ko majina Hajiya ki aika da barkarki, kizo bayan kin warke. Mai jego kuma ki samu wata babba a gidan, gwaggo ko yaya, wadda zata iya faɗa a madadinki cewa a wanke hannu kafin a ɗauka, tunda ke kunya bazata barki ki faɗawa dangin miji ba. Idan uwar ce da kanta take mura kada ta daina shayarwa, nonon yana ɗauke da kariya ga yaron, ta wanke hannu ta sa takunkumi ta bashi.

Mu ɗaki ɗaya muke da shi, ta yaya zamu killace marar lafiya?

Ayi iya abinda za'a iya. Shimfiɗarsa ta koma kusa da taga, kansa nesa da kan sauran, mutum ɗaya ya riƙa kula da shi kuma kada ya zama tsohuwa ko mai ciki ko mai ciwon suga. Kofinsa da cokalinsa da tawul daban. Da rana ya fito inuwa a tsakar gida yafi masa zaman ɗaki. Idan akwai kaka ko jariri a ɗakin kuma akwai maƙwabci ko ɗan'uwa da zai karɓe su na ɗan kwanaki, wallahi ba abin kunya bane. Kaki da majina a takarda ko tsumma a ƙone ko a wanke da sabulu, banda tofarwa a ƙasa inda yara suke rarrafe.

Mai kemis ya haɗa min antibayotik da allura, ba shikenan ba?

Antibayotik irin su amoksisilin basa kashe bairus ko kaɗan, wata irin ƙwayar cuta daban da ake kira bakteriya suke kashewa. Murar da ka sha su ta warke a kwana bakwai, da ma a kwana bakwai ɗin zata warke. Asarar kuɗi ce, kuma yawan shansu barkatai yana sa ranar da ake buƙatarsu da gaske su ƙi aiki. Likita ne zai duba ya gani ko nimoniya ta hau kai sannan ya rubuta. Kulorokwin da aka yi ta rububi a 2020 manyan gwaje-gwaje sun nuna baya maganin korona. Deksametason yana ceton masu korona da suka kai matakin oksijin a asibiti, amma shan sa a gida a farkon ciwo yana iya rage ƙarfin jiki ya kuma tayar da suga. Maganin tari mai kodin gwamnati ta hana shi tun 2018, mun ga abinda yayi wa matasa.

Abinda ya kamata: hutu, ruwa da yawa, kunu, farfesu, farasitamol don zazzaɓi bisa ƙa'ida, babba kada ya wuce giram 4 a rana, kuma a duba domin yawancin magungunan mura na haɗi akwai farasitamol a ciki. Yara ba'a basu asfirin.

Citta, lemon tsami, zuma, sirace, tazargade?

Shayin citta da lemon tsami da zuma yana sanyaya maƙogwaro yana rage tari, sha abinka, sai dai baya kashe ƙwayar kuma baya hana ka sawa wani. Jaririn da bai kai shekara 1 ba kada a bashi zuma. Sirace yana buɗe hanci na ɗan lokaci amma yara da yawa sun ƙone da tafasasshen ruwa ta dalilinsa, kada a lulluɓe yaro a kan tukunya, kuma kada a cusa masa man zafi a hanci. Tazargade anyi ta yayinta lokacin korona musamman bayan Madagaska ta fito da nata ruwan maganin, babu binciken da ya tabbatar tana warkar da ita.

Yaushe ne zan san abin ya wuce na gida?

Ga babba: numfashi yana wuya ko yana haki daga ɗaki zuwa banɗaki, ciwon ƙirji, ruɗewa ko yawan barcin da ba'a saba ba, leɓe ya canza launi, zazzaɓi ya wuce kwana 3 ko ya tafi ya dawo da ƙarfi. Idan akwai ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa mai auna oksijin a jini, ƙasa da 94 a nemi likita, ƙasa da 90 gaggawa ce.

Ga yaro a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashi na minti ɗaya yana kwance shiru. Ƙasa da wata 2, 60 ko fiye yayi yawa. Wata 2 zuwa 11, 50. Shekara 1 zuwa 5, 40. Idan ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki lokacin da yake jan numfashi, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko jijjiga, a tafi a daren, kada a ce sai gari ya waye ko sai maigida ya dawo. Jaririn da bai kai wata 3 ba da zazzaɓi kowane iri asibiti ne kai tsaye. Tsofaffi, masu ciki, masu asma, sikila, suga, hawan jini, ciwon ƙoda ko zuciya su ma kada su jira abin yayi nisa. A Najeriya layin kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, shine 6232.

Ta yaya zan bambance ta da maleriya ko wani abin?

Da ido ba'a iya rantsuwa, zazzaɓi da ciwon jiki duk suna yi. Gwajin maleriya na tsinke minti 15 zuwa 20 ne, a yi shi kafin a sha magani. Tarin da ya wuce sati 2, musamman da rama da gumin dare ko jini, a je gwajin tarin tibi, gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Yaro mai ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wani farin abu ya lulluɓe maƙoshi, wannan mashaƙo ake zargi, wadda ta addabi Kano da maƙwabta a 2023, ita bakteriya ce kuma tana da magani amma sai anyi sauri.

Ni fa tsoron allurar rigakafi nake.

Tsoron yana da tushe, babu wanda zai manta abinda ya faru a Kano a 1996 da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer lokacin sanƙarau, kuma shi ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Amma mu duba abinda ya biyo baya: da aka daina, shan inna ta dawo ta nakasa yara har ta tsallaka wasu ƙasashe, da aka koma aka dage da taimakon sarakuna da malamai, a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayarta da ake kira ta daji. Rigakafin korona ya iso Najeriya a Maris 2021, an yi wa biliyoyin mutane a duniya, matan da aka ce bazasu ƙara haihuwa ba suna nan suna haihuwa. Baya hana kamuwa ɗari bisa ɗari, abinda yafi yi shine hana ciwon ya kai ga oksijin ko mutuwa. Ciwon hannu da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu an saba gani.

Wadda nafi damuwa da ita ma ita ce ta ƙyanda, a Najeriya ana yiwa yaro yana wata 9 da kuma wata 15, kyauta. Cikin yara 10 da ba'a yi wa ba idan suka haɗu da mai ita kusan 9 sai sun kamu, kuma nimoniyar da take biyo baya ce take kashewa, wasu ta bar su da makanta. A duba katin yaro yau.

Zan tafi Umara ko Hajji, me zan yi?

Alhazai sun san tarin da ake dawowa da shi. Cunkoso ne na mutanen duniya duka, shi yasa a 2020 da 2021 Saudiyya bata karɓi alhazan waje ba. Ka karɓi alluran da aka wajabta da gaske, kada ka sayi kati kawai, ka riƙe takunkumi don ɗawafi da jifa da cikin mota da tantin Mina. Akwai wata korona daban mai suna MERS da aka gano a Saudiyya a 2012, daga raƙuma ake ɗauka kuma tana da kisa, toh a guji zuwa garken raƙuma da shan ɗanyen nononsu. Idan ka dawo da zazzaɓi da tari ka faɗawa likita inda ka fito, masu zuwa sannu da zuwa kuma a tarbe su a waje.

Ni sai na fita nake samun na cefane, zaman gida ba nawa bane.

Gaskiya ne, kuma babu wanda zai ce wa ɗan adaidaita ko mai shayi ko mai talla ya kwanta sati guda yara suna jin yunwa. Idan zaka iya ko kwana 2 ko 3 na farko ka huta, lokacin ne yaɗuwar tafi ƙarfi. Idan ba hali ka fita da takunkumi, ka ɗage labulen adaidaitan, kayi tari a cikin gwiwar hannu, ka wanke hannu kafin ka taɓa kofi ko burodin mutane, ka ɗan ja baya daga majalisa da daddare. Masu shago da masu makarantu da iyayen gida kuma wannan naku ne: yaron shago ko malamar aji ko ƴar aiki idan sunzo da zazzaɓi da tari ku sallame su su huta ba tare da yanke musu albashi ba, domin idan suka san za'a yanke ɓoyewa zasuyi su zo, kuma ajin gaba ɗaya ko gidan naku ne zai kwanta a sati mai zuwa. Yaro ɗan makaranta ya zauna a gida har sai ya kwana ya yini babu zazzaɓi ba tare da an bashi farasitamol ba, sannan ya koma.